Gashin da ke Jikin Jar Ciyawa

Bas ba ta gama tsayawa ba Gagara-Ruwa ya diro, leda a hannunsa tana ɗigar ruwan gishiri. Tsohon da kwalekwale ya kife da shi sau uku, wanda ya taɓa yin kwana biyu rungume da jarka a tsakiyar teku, yau ga shi a firgice a kan busasshiyar kwalta.

Matarsa ya baro a asibiti. Da hantsi ta ci jar ciyawar tekun da ya tsinko mata, irin wadda suke ci shekara arba'in. Kafin azahar bakinta ya ɗau raɗaɗi kamar ta tauna garwashi, sai amai, sai numfashi ya koma sama-sama. Likita ya ce lallai ya san abin da ta ci, ya tura tsohon da ragowar ciyawar zuwa ɗakin binciken tsirran ruwa na jami'a.

Ɗakin sanyi ƙalau, kwalabe a jere har rufi, ko ina ciyayi busassu manne da takarda. Wata malama mai farar riga ta karɓi ledar.

"Baba, zauna mana."

"'Yar nan, wanda matarsa ke kwance ba ya zama."

Ta zaro reshe ɗaya, ja wur, mai santsi kamar jijiya. "Wannan dangin sun fi iri ɗari, Baba, kuma kamarsu ɗaya a ido. Sai na yanka na ga cikinta."

"Ni da haƙori nake rarrabe su, tun ina da haƙoran. Ba a haifi ciyawar da za ta ruɗe ni ba!"

Faɗa kawai ya yi. Tun bara idonsa na hagu ya fara yana, bai gaya wa kowa ba. In dai wata ya tsinko a madadin wata, to shi ya kashe ta, da hannun nan nasa.

Malamar ta sa reza ta yanko ɗan siriri, ta ɗora a gilashi, ta kifa ido a kan madubin da ke ƙara girman abu. Ta buɗe wani ƙaton littafi, ta koma madubi. Tsohon ya nemi addu'ar da yake yi in igiyar ruwa ta taso, ta ɓace masa.

"Ba ka yi kuskure ba," in ji ta. "Ita ce wadda ake ci."

"To! Ai na gaya mi..."

"Zo ka duba."

Ya kanne mai yanar ya leƙa da ɗayan. A jikin jan reshen ga wasu zarurruka kore-kore, sun nannaɗe shi kamar gashi.

"Wannan ba jikinta ba ne," in ji malamar. "Wata halitta ce daban, takan hau kanta in ruwa ya yi ɗumi, kuma tana da dafi. An wanke ta da ruwan famfo kafin a ci?"

Da safe tsohuwar ta nufi famfo da kwanon, shi ya fizge. Wai ruwan daɗi yana kashe wa ciyawa ƙarfi, ta yi laushi ta kwaɗe. Ɗan teku na gaske ba ya yi. Haka ya gada, haka ya yi mata faɗa.

"Da an wanke, da ba abin da zai same ta?"

"Ban ce ba. Da dai ya ragu." Ta riga ta ɗaga waya tana kiran likitan.

Duk tsayawar da bas ta yi a hanyar komawa, sai ya ji kamar ya sauka ya ruga da ƙafa. A bakin ɗakin marasa lafiya ya tarar da 'yarsu, idanu jajur.

"Baba, numfashin ya daidaita. Cigiyarka take ta yi."

Tsohuwar na kwance, robar ƙarin ruwa a hannu, leɓɓanta a kumbure. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ka sa takalmi wari-wari." Ta numfasa da ƙyar. "Me masu bokon suka ce? Idon naka ne?"

Amsa mai daɗi tana bakinsa, kuma gaskiya ce: malamar jami'a da kanta ta shaida bai yi kuskure ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya gyara mata mayafi.

"Cewa suka yi, da na bar miki kwanonki."