Shekara Huɗun Auta

"Mama, mu sake," in ji lauya, yana waiwayowa daga kujerar gaba. "Wa kika fara haifa?"

Umma ta ɗaga yatsa za ta nuna mai tuƙi, ta tuna, ta karkatar da shi ga wanda ke zaune gefenta. Karo na biyar ke nan tun da suka baro gida, kuma kowane karo sai yatsan ya fara zuwa inda ya sani kafin ya je inda aka aike shi.

Walƙiya ne ke tuƙin. Sunan da 'yan kallo suka laƙaba masa ke nan, don idan ya ɗauki ƙwallo daga gefen fili mai tsaron baya sai dai ya ga lambar rigarsa. Yau kuwa tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai. A shataletale suka wuce allon tallan da ke ɗauke da fuskarsa. Wani mara aikin yi ya hau ya zana masa furfura da sanda, kuma ya iya zane, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Maganar ba ta da tsawo. Shekara tara da suka wuce aka zo ɗibar 'yan wasan ƙwallo 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, shi kuwa yana da sha tara. Ƙaramin jiki gare shi, fuska sumul, sai koci ya ja shi gefe ya tambaye shi ko ba shi da ƙane. Yana da shi mana: Auta, ɗan sha biyar. Aka yi musayar takardun haihuwa a kan tabarmar tsakar gida, suna ya tafi da takarda, wa ya koma ƙane, ƙane ya koma wa. Aka ce wa Auta na ɗan lokaci ne.

Ba maƙiyi ne ya tona ba. Tsohon malaminsu na firamare ne, don tsabar alfahari, ya saka hoton 'yan ajinsa a intanet, ga Walƙiya a layin gaba riƙe da allon da aka rubuta shekara da alli ɓaro-ɓaro. Masu lissafi suka yi lissafi. Cikin kwana uku kamfanin takalman da yake yi wa talla ya janye, kulob ya ce ya zauna a gida, masu yi masa kirari suka koma kiransa Baba Walƙiya. Yanzu kwamitin ladabtarwa na hukumar ƙwallo na jiransu ƙarfe sha ɗaya.

Dabarar lauya mai sauƙi ce: wanda ke cikin hoton wan ne, wato Auta, kama ce kawai ta 'yan gida ɗaya. Uwa za ta rantse, wa zai rantse, magana ta mutu. Don haka ya sa Auta ya bar gemu na mako uku, ya samo masa tabarau da wata kwat mai faɗin kafaɗa. Walƙiya ya kalle shi ta madubi, ya ga ya yi kama da yaron da ya sa kayan babansa, sai dai ba abin dariya a ciki.

Aka zaunar da su a kan benci a wani dogon baranda mai warin fenti. Lauya ya shiga ciki gaisawa. Auta ya cire kwat ɗin don zafi, wata takarda mai ninki huɗu ta faɗo daga aljihu, Walƙiya ya riga shi ɗauka. Fom ne na shiga aikin kashe gobara, ba a cike ko layi ɗaya ba. An ja layi da biro a ƙarƙashin wuri biyu: kada mai nema ya wuce shekara ashirin da biyar, kuma yau ƙarfe huɗu ake rufewa.

Ya san Auta na son aikin nan tun yana yaro, tun lokacin da yake bin motar 'yan kwana-kwana da gudu har ƙarshen layi. Abin da bai taɓa zama ya lissafa ba shi ne, Auta ashirin da huɗu gare shi, amma takardar da ke hannunsa ta ce ashirin da takwas. Ya tambaye shi me ya hana shi faɗa. Auta ya karɓi fom ɗin ya mayar aljihu, ya ce ba komai, dama ya karɓa ne don ya gani. Ya ce sau biyu a baya ya je an mayar da shi daga bakin tebur, ya saba.

Da Auta ya yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Walƙiya ya saya masa babur, ya saya masa waya, yana ganin ya biya. Kunya ta rufe shi, sai ya huce a kan wanda ba ya ramawa.

"Ka sa kwat ɗinka," ya ce a tsawace. "Kuma ka daina sunkuyar da kai, babba ba ya zama haka."

Auta ya sa. Umma ta ƙara matse jakarta a cinya, leɓɓanta na motsi.

Ɗakin kwamitin sanyi ƙalau, mutum uku a bayan dogon tebur, a tsakiya wata tsohuwar alƙaliya mai gilashi a kan hanci. Lauya ya yi magana kusan rabin awa, ya yi ta da kyau, har Walƙiya ya fara jin kamar zai tsira. Ya ga kansa cikin fili ran Asabar, ya ji ihun nan da ke shiga har ƙashi. Yana son abin nan, kar wani ya ce ba ya so. Ba shi da wata sana'a, bai iya komai ba sai gudu da ƙwallo.

Aka kira Umma. Alƙaliyar ta yi mata bayani a hankali cewa abin da za ta faɗa rantsuwa ce, ta tambaye ta ko ta gane. Umma ta ce ta gane. Matar da ko a ciniki ba ta rantsuwa, ta ɗaga hannu, hannun yana rawa kamar na mai zazzaɓi.

"Cikin waɗannan biyun, wa kika fara haifa?"

Umma ta kalli Auta cikin gemun aro. Ta juyo ta kalli Walƙiya. Ba roƙo a idonta, ba tuhuma, jira kawai take ya tabbatar mata haka yake so, ta yi masa. Ya san za ta yi. Ya ga yatsan ya fara tashi, ya ga tana danne shi da ƙarfi tana karkatar da shi wajen Auta.

"Ni ne," in ji Walƙiya.

Lauya ya damƙi hannun rigarsa a ƙarƙashin tebur. Walƙiya ya zame, ya miƙe.

"Ni ta fara haifa. Ni ne a hoton. Shekarata ashirin da takwas, takardar da ke fayil ɗinku ta ƙanena ce, har sunan. Umma, sauke hannunki."

Sauran bai ɗauki lokaci ba, don gaskiya ba ta buƙatar rabin awa. 'Yan kwamitin suka fita suka yi shawara, suka dawo: dakatarwar shekara huɗu, a maido da lambar zinaren 'yan ƙasa da sha bakwai, kuma za a miƙa batun takardu ga masu bincike. Alƙaliyar ta tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya ce yana roƙon abu ɗaya, a ba mai takarda takardarsa yau, kafin ƙarfe huɗu. Ta daɗe tana kallonsa ta saman gilashi, sannan ta ce wa sakatare ya ɗauki kwafi ya buga hatimi ya ba su ta asalin.

Sakataren bai san gaggawa ba, sai uku da kwata suka fito. 'Yan jarida sun cika bakin ƙofa. Wani ya tura masa makirfo har haɓa yana tambayar yaya yake ji da ya yaudari yaran da ya ƙwace wa gurbi. Walƙiya ya ratsa ya nufi mota, ya san tambayar daidai take. Wata mata ta jefo rigarsa mai lamba goma sha ɗaya a kan gilashin mota. Ya cire ta, ya ninke, ya tayar da mota. Lauya dai ya ce shi zai nemi tasi.

Huɗu saura kwata suka isa ofishin 'yan kwana-kwana. Auta ya tsaya a bakin kanta yana cike fom, ya rubuta rabin sunan yayansa kafin ya ankara, ya roƙi wani fom ɗin. Akawun, wani dattijo da ƙaramin rediyo a gefensa, ya duba takardar haihuwar, ya duba gemun, ya ce wannan ai ita ce takardar da ake ta magana a kanta tun azahar. Ya ce dole wani na gida ya sa hannu ya shaida cewa mai gemun nan shi ne mai ita.

Walƙiya ya miƙa hannu zai ɗauki biron. "Ni yayansa ne, zan shaida."

Dattijon ya ɗora tafinsa a kan biron. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba.

"Na san ka. Na sha kallonka, har kuka na yi ranar zinaren nan. Amma shaidarka dai a'a, ɗana. Akwai wani?"

Umma ta buɗe jakar da ta wuni tana matsewa, ta zaro katunan asibiti guda biyu na haihuwarsu da suka yi ja don tsufa, waɗanda lauya ya ce ta ƙona tun makon jiya. Ta ware na Auta ta ajiye a gaban dattijon, ta miƙa babban yatsanta a shafa mata tawada. Hannun ko motsi ba ya yi.

Auta ya juyo, ya cire tabarau ɗin.

"Yaya, riƙe min kwat ɗin nan."

Walƙiya ya karɓa, ya koma benci wajen masu jira ya zauna.