Kututturen da Ya Gagari Na Allah

Na Allah ya durƙusa ya tona ramin shuka da yatsa. Hatsin ya tsiro, amma iska ta bi shi da rairayi ta yanke shi tun yana ganye biyu. Shuka ta biyu ke nan da ta mutu bana, kuma irin da ya rage a rumbu tiya ɗaya ce tak.

Ya miƙe ya dubi gonarsa, fes kamar tafin hannu, ba itace ba kututture. Shekara arba'in duk garin Kona da ita ake misali.

A gida ya tarar da matarsa Hindatu tana tura kashin shanu a murhu, hayaƙi ya jajanta mata ido.

"Takin gonar kike ƙonawa?"

"To Malam, da me zan tuƙa tuwon? Itacen da ya fi kusa yana gonar Auta, wadda ka ce ta rago ce."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofar maigari, inda Zara'u malamar gona ta tara mutane. Reshen gawo ne a hannunta.

"Da faɗuwar damana yake zubar da ganye," in ji ta. "Ƙasa ta ci, hatsi ya sha rana. Akuya ta ci 'ya'yansa ta ba da nono. Uwargida ta sami itace, ta bar wa gona takinta. In kututture ya yi toho kada ku sare duka, ku bar masa rassa uku masu ƙarfi."

Na Allah ya buga sanda a ƙasa.

"'Yata, ina saurayi irinku suka zo da mota, suka ce manomin kirki ba ya barin ko tsinke. Na sare, na tone, na ƙone. Yau kin zo a kan babur kin ce a bari. Wanne zan kama?"

Zara'u ta rusuna.

"Baba, kada ka kama nawa. Je ka dubi gonar Baba Auta."

"Gonar rago?" in ji Auta daga cikin taron yana murmushi. "Kada ka ɓata takalminka, sarkin noma."

Na Allah ya je. Gani ya kori ji. A bayan kalgo da sabara hatsin Auta ya rufe idon sawu, kore shar.

Ya dawo tasa gonar yana neman kututture mai rai har la'asar. Babu. Aikin da ya yi da ƙuruciya, ya yi shi da kyau.

Sai can iyakar gabas ya ci karo da shi: tsohon kututturen kalgon nan da yake sarewa kowace bazara yana zaginsa, shi kuwa ya sake fitowa. A bayansa ramin hatsi huɗu suna tsaye da ransu. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro wuƙa ya rage tohon, ya bar uku. Ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaura wa na tsakiya, don masu neman itace su san yana da mai shi.

Yana shiga gida ya ce, "Hindatu, fito da tiyar nan. Gobe daga gabas za mu fara."