Hoton Zaliha

"Wanga ma bai yi ba," in ji Isufu, ya turo mini wayata da bayan hannunsa na hagu.

Na ce, "La'ilaha illallahu! Isufu, wanga shi ne na shida fa. Sau huɗu ke nan ina kai albasa Tawa, in bar cinikina a rana in tahi shagon Bashiru in ɗauko maka hotunan aparai, na'urar nan taku ta ɗaukar hoto. Kai wane iri kake so? Wanda aljannu sunka ƙera?"

"Maɓallin da ake dannawa, wane gefe shike?"

"Inda Allah ya aje shi!"

Ya yi dariya da rabin baki, don rabin ne ya rage masa.

Isufu taubashina ne, ɗan kawuna, kuma katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Tamaske. Tun muna yara zagi ne gaisuwarmu. Fiye da shekara talatin shi ne mai hoton yankinmu. Ranar kasuwa sai ya ɗaure labulensa a bayan moto, babur ɗinsa, wani labule mai zanen bene da jirgin sama, ya nufi Tabotaki ko Buza, mutane su tsaya gabansa su ƙame kamar sojoji. Daga baya pelikil, fim ɗin da ake sa wa aparai, ya ɓace a kasuwa, kowa ya sami waya a aljihu, sana'a ta mutu. Bara da kaka kuma tansiyo, wato hawan jini, ta kada shi a bakin rumbu, ta ɗauke masa gefen dama tun daga fuska har ƙafa.

Tun ranar duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya. Daga shimfiɗarsa abin da yake gani ta ƙofa bai wuce gindin rumbu, da turmi, da katangata ba. Labulen jirgin saman nan shi anka rataya a ƙofar don ƙuda. Wanda ya san kowace kwana ta duwatsun Adar ya koma sai an juya shi.

Wata rana Zaliha, matarsa, ta tahi rijiya, ya kira ni ta kan katanga.

"Mairamu, an saida moton. Ga kuɗin nan ƙarƙashin matashi, jika ɗari da arba'in na sefa. Aparai nike so, na zamani mai aje hoto a kart maimakon pelikil, amma mai madubi a ciki, wanda in ka danna za ka ji ya ce ƙaras. Okaziyo za ki nema, sabo ya fi ƙarfinmu."

"Kai da ba ka iya kai kanka bayan gida? Wa za ka ɗauka, ƙadangaru?"

Bai rama ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ya dubi turmi, ya ce, "Matan mutane nawa na ɗauka? Amare, masu jego, har tsofaffin da ba su da haƙori. Zaliha ko sau ɗaya. Pelikil hoto talatin da shida ne, kowane da mai shi. Kullum in ce mata gobe. Hoton da ke kan kart ɗinta na ɗan ƙasa ma wani ne ya ɗauka. Ina so in ɗauke ta da idona, da hannuna, kafin in tahi. Kada ki gaya mata."

Na ce ga wayata, danna kawai. Ya harare ni kamar na miƙa masa tuwo a takalmi.

To, haka munka shiga zaɓe. Na farko shina da ido biyu, wato gilashin gaba, gajere da dogo, amma batirinsa ya gaji. Na biyu batir lafiya lau, caja ce babu. Na uku ɗan ƙarami ne mara nauyi, kuɗinsa ma da sauƙi, Isufu ya ce abin da ba shi da madubi ba aparai ba ne, waya ce ta yi ƙiba. Na huɗu ya fi kuɗinmu. Ya sa ni in tambayi sau nawa anka danna kowanne tun da anka ƙera shi, wai su ma suna tsufa kamar mutane. Ya sa in leƙa cikin gilashin in ga ko akwai fumfuna. Ni Mairamu mai albasa, da ban taɓa zama lakwal na yi boko ba, na koma ina musu da Bashiru a kan gilashi. Kowane zuwa kuma tambayar ƙarshe ɗaya ce: maɓallin, wane gefe?

Na kai wa Bashiru tambayar. Ya ce, "Hajiya, duk duniya a dama yake." Na dawo na gaya wa Isufu, ya ce in dai ƙara dubawa, Nasara ba su rasa dabara. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka iyayin tsohon ma'aikaci ne.

Ana haka jikinsa na zubewa. Ƙafar hagun ma ta fara kumbura, abinci sai kunu. Majo, malamin asibiti na dispansar ɗinmu, ya zo ya auna shi, ya fito tsakar gida ya ce mana a ci gaba da addu'a. Raina ya ɓaci. Mutum na mutuwa shina ta zaɓe kamar budurwa a gaban mai atamfa! Da na zo fita Zaliha ta bi ni har zaure, ta ce, "Yaya Mairamu, mi kuke ƙullawa ke da shi?" Na ce rigimar taubasai ce. Ta dube ni, ba ta yarda ba, ta koma ciki.

Zuwana Tawa na biyar ban nemi shawarar kowa ba. Na sa hannu ƙarƙashin matashin shina barci, na tahi na sayo na biyun nan, Bashiru ya haɗa mini da wata caja da kart. Na iso bayan la'asar, ko mayafi ban sauke ba, na dire masa kwalin a kan ƙirji.

"Ga shi. Zaɓe ya ƙare. In ka ga dama ka mutu kuma."

Ya buɗe da hannun hagu da haƙori. Ya shinshina shi. Ya shafa shi tun daga ido har baya, ya sa babban yatsa ya ture makunnin. Sannan ya ɗora shi a kan cikinsa, ya miƙa yatsun hagu ta sama suna neman maɓalli. Aparan ya sulale ya faɗa kan tabarma. Ya sake ɗauka, ya sake sulalewa. Mariƙin a dama yake, maɓallin a dama, hannun daman kuwa ga shi nan kwance gefensa kamar ba nasa ba.

Sai a lokacin na gane.

"Ka sani tun farko," na ce.

"Shekara talatin ina riƙe da shi, Mairamu. Ya za a yi in rasa sani?" Ya juya fuska wajen bango. "Muddin ina zaɓe, ina da sauran aiki gobe. Yanzu kin kawo."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na fito, Zaliha na ce mini ga ruwa, ban tsaya ba.

Kwana huɗu ban leƙa gidan ba. Ina jin tarinsa ta katanga, in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share. Rana ta biyar da hantsi, ina yanyanka kuɓewa, sai na ji ƙaras. Na tsaya da wuƙa a hannu. Can kuma, ƙaras. Sai muryar Zaliha tana dariya, dariyar da rabona da ji tun kafin ya faɗi.

"Yaya Mairamu! Zo ki ga taubashinki ya zare! Ya kifa abin nan kansa a ƙasa, shina ta harbin turmi!"

Na ce ina zuwa, kuɓewa ce a hannuna. Ban je ba. Ban san da wane ido zan dube shi ba, na ce sai gobe.

Washegari bayan azahar kukan Zaliha ya tsallako katanga. Kafin la'asar an kai shi.

Bayan sadakar bakwai, da mutane sunka watse, na shiga wurinta. Tana zaune a ƙofar ɗakin cikin kayan takaba. Ta turo mini kwalin.

"Ki maida wa mai shi, ko rabi ya ba da. Mi zan yi da shi?"

Na ce to. Amma kafin in rufe sai na kunna, na danna inda Bashiru ya nuna mini. Na farko azara ce, a dushe. Na biyu ma azara. Sai gefen labule, sai baƙi ƙirin, sai turmi a rataye sama kamar an liƙa shi. Ya fi sau arba'in shina gwadawa. Kifa aparan ya yi don mariƙin ya dawo hagu, ya tokare shi da gwiwa, shina danna maɓallin daga ƙasa da babban yatsa. Shi ya sa komai ya fito a kife.

Na ƙarshe ya fito tas. Zaliha ce a bakin rumbu, da faifai a hannu, ta waiwayo tana masa dariya, har wushiryarta ana gani. Ƙasa a sama, ita kanta a ƙasa.

Na miƙa mata. Na ce, "Abin da muke ƙullawa ke nan. Don ke ya saida moton."

Ta daɗe tana kallo, tana karkata wuya. Ta ce, "Ni na ɗauka turmi shike ɗauka."

Sannan ta juya aparan a hankali, kansa ya koma ƙasa, ita ta miƙe daidai a cikin gilashin. Babban yatsanta na hagu ya sauka a kan maɓallin. Na ja kwalin da ƙafa na tura shi bayan ƙofa.