Homa Ɗaya a Hannun Masunci

Takalmin Malam Hodi ne alƙalin fina-finai a unguwar Gesse. Idan ya tuɓe shi ya tanƙwashe ƙafa a kan bencin shagon Ephraim mai gyaran talabijin, to fim ya yi. Idan kuwa ya fara lalubensa da yatsan ƙafa, an gama, ko minti biyar ba a yi da farawa ba zai tashi ya koma bakin ƙofar gidan da yake gadi.

Wallahi mutumin nan ba ya yafiya. An taɓa sa masa wani fim da manomi ke yankan shinkafa da agogon zinare a hannu, tafinsa sumul ba ko kanta, ya ja tsaki ya fita. Wani kuma jarumin ya nutse a ruwan da bai kai gwiwa ba, Hodi ya yi sati yana ba da labarin abin kunyar. Amma akwai wani na mutanen Sin da wata tsohuwa ta yi ta hawa dutse da tulu a kafaɗa, ba waƙa ba faɗa. Sau tara ya kalle shi.

"Waccan tsohuwar ta san nauyin ruwa," in ji shi. "Dubi wuyanta. Ba a koya wa wuya ƙarya."

Shi ya sa gaban Veronica, 'yar Ephraim, yake faɗuwa a wannan la'asar. Ta yi ɗan gajeren fim na kammala karatunta a kan masuntan Argungu, kuma mutumin da ke ciki Tamba ne, yayan Hodi uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha huɗu rabon da su yi magana, tun wani bikin kamun kifi da suka kama giwan ruwa tare, Tamba ya kai shi gaban alƙalai da sunansa shi kaɗai. Tun ranar Hodi ya bar sana'ar su, ya bar Argungu. Matar Tamba ta roƙi Veronica ta gaya wa Hodi halin da ɗan'uwansa ke ciki, amma kowa ya san da an ambaci sunan zai tashi. Abin da Veronica take so kawai ya zauna har mutumin ya juyo da fuskarsa.

"Baba Hodi, ka duba mini kafin in kai wa malamai," ta ce, tana haɗa kwamfutarta da wata talabijin da aka gama gyarawa.

"Ɗiyata, kin san bakina hwa. Kada ki yi kuka."

"Na sani, Baba."

Fim ya buɗe da kogin Matan Fada da sanyin safiya. Ba kiɗa. Hasken rana ya kwanta a kan ruwan, wasu balbelu suka tashi daga cikin ciyawa, ana jin ƙarar fukafukansu. Hodi ya ce, "Ikon Allah," a hankali, ya zare ƙafa ɗaya daga takalmi.

Sai ga bayan wani dattijo yana gangarawa ruwa, babban gora yana binsa a ɗaure da igiya, homa a hannunsa na dama, wato ragar nan mai bakin itace da Kabawa ke kamfatar kifi da ita.

Ƙafar Hodi ta koma cikin takalmi.

"Kash! Kin ɓata rawarki da tsalle. Wane Bakabe ne zai shiga ruwa da homa guda? Biyu ake riƙewa, a haɗe bakinsu a rufe kifi. Wanga ɗan wasa ne kika ɗauko daga birni."

"Malam Hodi, ɗan dakata mana," in ji Ephraim, ya ajiye abin da yake kwancewa.

"In dakata in ga mi? Dubi hannun hagunsa, ya sake shi yana lilo. Ko yaron goye a Argungu ya fi shi."

Ya miƙe tsaye. Veronica ta yi sauri ta tare shi.

"Baba, ba wasa yake ba. Hannun ya mutu tun bara, ɓarin jikinsa ne ya shanye. Kullum haka yake shiga."

Hodi bai zauna ba, amma bai tafi ba. A allo dattijon ya ja numfashi ya nutse, gora kaɗai ya rage yana yawo. Veronica ba ta yanke hoton ba ko sau ɗaya. Ruwa ya lafa. Ga mamakin Ephraim, Hodi ma ya riƙe nasa numfashin, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ya kasa, ya saki, ya sake ja. Har yanzu mutumin bai fito ba.

"La'ilaha illallahu," Hodi ya ce. "Mutum ɗaya na sani mai irin wanga numfashi."

Ruwa ya tsage. Dattijon ya ɓullo ya danne homar a ƙirjinsa, wata ƙatuwar tarwaɗa na ta bugunsa a haƙarƙari. Ya juyo. Gemun ya yi fari fat, gefen bakin ya karkace, amma Tamba ne.

Bai waiwayi goransa ba. Sai ya miƙa homar gefen hagunsa ba tare da ya duba ba, yadda mai nutso ke miƙa wa abokin kamun kifinsa ya cire kifi ya jefa a gora. Ba kowa a wurin. Ya tsaya a haka, hannu a miƙe, ruwa na zuba daga ragar. Can ya tuna, ya jawo igiyar da haƙori, ya yi ta fama har kifin ya shiga.

Allon ya yi baƙi. Hodi ya zauna a bakin benci, ya cire hularsa ya goge fuska da ita. Tausayi da kunya suka rufe shi, bai kuma ɓoye ba.

"Kullum yakan yi haka?"

"Kwana shida na yi ina ɗauka, Baba. Kullum sai ya miƙa."

Hodi ya mayar da hularsa.

"Na ga fina-finai, ɗiyata, ban taɓa ganin ruwa irin wanga ba. Amma kada ki kai shi tukuna, bai cika ba. Akwai mutum guda da babu a ciki."

Ya juya wajen Ephraim.

"Gobe da safe babur ɗinka yana da aiki?"