Kwaɗon Shago a Lambun Dung

Shekara ashirin da biyu Bala ya yi yana auna atamfa da shadda a kasuwar Taminus ta Jos, kafin gobara ta cinye ta a dubu biyu da biyu. Abin da ya tsinta a cikin toka bai wuce kwaɗon ƙofar shagonsa ba, ya yi baƙi ƙirin amma makulli na buɗe shi. Ya yi shekara guda yana zaman majalisa a Dilimi, yana shan shayi yana ba da labarin dilolin da suka ƙone, har mutane suka fara kallon agogo idan ya buɗe baki. Ranar da matarsa Maimunatu ta ce masa labari ba ya cika tukunya, ranar ya san zaman ya ƙare.

Dung ne ya ɗauko shi. Wani Birom ne manomi, matarsa ta daɗe tana sayen ankon zumuntar mata a wajen Bala. Ya ce akwai fili kusa da nasa a bakin tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, na gidansu ne, ya zo ya gwada noman rani. Idan ya yi abin kirki, baɗi ma nasa ne. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ba shi da wata ƙofa sai wannan.

Fangali shida ya gyara, hannunsa duk ya yi kanta. Ranar shuka ya zuba irin karas kamar mai barbaɗa gishiri a gasasshen nama. Dung ya leƙo ya yi wata magana, Bala ya ce to, to, irin amsar da ya saba ba mai taya kaya da arha, hankalinsa na wani wuri. Bayan sati uku fangalan suka yi kore shar, babu inda za ka sa yatsa. Wallahi ya yi murna. Ɗan kasuwa ne, shi dai ya ga kanta ta cika.

Wata safiya ya zo ya tarar an tsige masa fangali biyu. Ba duka ba, an bar tsilli-tsilli, sauran kuma an tara su a bakin magudanar ruwa sun yi yaushi. Ya fara cewa awaki ne, sai ya tuna akuya ba ta tara abin da ta ci waje guda. Ga kuma sawun takalmin taya a cikin laka.

Kuskuren da ya yi shi ne kai maganar majalisa. Abdulfatah direba, wanda tun rikicin Jos na Satumbar dubu biyu da ɗaya ba ya yarda da inuwarsa ma, ya yi dariyar mugunta. Ya ce ai abin a fili yake: an samu wawa ya fasa musu ƙasa mai tauri, ya zuba taki, yanzu za a ɓata amfanin ya yi zuciya ya tafi, su gaji gyararren wuri. Bala ya ce Dung ba haka yake ba. Ya faɗa da baki, amma maganar ta bi shi gida ta kwana da shi.

Bayan kwana biyu, da ya idar da asuba, ya hau mashin cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, ya laɓe bayan wani dutse. Gari na wayewa sai ga Dung, ya tsuguna a fangali na uku yana tsiga da hannu biyu, har da fito yake yi. Zuciyar Bala ta yi baƙi. Da wani ne da ya fito ya tambaya, amma kasuwa ta koya masa kada ka taɓa nuna wa mai cutarka ka gane shi. Ya jira Dung ya koma gonarsa, sannan ya fito ya je ya gaishe shi da fara'a kamar ba komai.

A ranar ya saro ƙaya ya shinge fangali ukun da suka rage, ya kafa ƙyauren tsohon kwano, ya rataya kwaɗon shagonsa. Dung ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙyauren. Sai ya juya ya tafi. Ruwan injin ban-ruwansa bai daina ba Bala ba, sai dai yanzu ta saman shinge yake jefo tiyo, gaisuwa kuma ta koma ta ɗaga hannu. Wasu maza biyu ma sun zo sau ɗaya suka zagaya shingen suna magana da yarensu. Bala ya ce a ransa, ai ga shi, an fara.

Wata uku suka cika. Ekwutosi, wata mai sarin kayan lambu daga kasuwar Farin Gada, ta zo da buhunanta. Bala ya buɗe kwaɗo da alfahari ya fara kai ta wajen da ya tsare. Ya kama ganye ya ja. Abin da ya fito, Allah Ya isa: tsiraran saiwoyi kamar tsinken sakace, sun nannaɗe juna. Ya ja nan, ya ja can, duk kanwar ja ce. Ekwutosi ta ce ko zomo sai ya yi tunani. Ta taka zuwa fangalan da aka tsige ta ja ɗaya, sai ga karas jawur, kaurinsa ya kai hannun jariri. Ta tambaye shi wane irin manomi ne zai yi wa rabi cira ya bar rabi a cunkushe. Bala ya ce mece ce cira. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ragewa mana, ka cire huɗu ka bar ɗaya ya samu wurin girma, yaro ma ya sani.

Kunya ta rufe shi. Ya cika kwando da mafi kyau ya ɗauka zuwa gonar Dung. Ya same shi tsugune a wani sabon fangali.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na faɗa ranar shuka, Oga Bala. Ka ce to, to." Dung bai ɗago ba. "Na ga hannunka ba zai iya ba. Mutumin da wuta ya cinye masa kaya, yaya zai zubar da abu mai rai?"

Bala ya ajiye kwandon. Da ƙyar ya tambayi maganar baɗi. Nan ne Dung ya miƙe ya karkaɗe hannu. Ya ce mazan nan biyu yayyensa ne. Sun ga shinge, sun ga ƙyaure, sun ce haka baƙo yake farawa, yau aro gobe takarda. Ya yi musu rantsuwa Bala ba haka yake ba, suka tambaye shi to me kwaɗo yake yi a filin ubansu. Sun riga sun ba wani ɗan ƙanwarsu wurin.

Wato yadda ya kwana yana zargin mutane, haka su ma suka kwana suna zarginsa, kuma shi ya ba su hujja da hannunsa. Ya laluba aljihu ya ji makullin, ya ji kamar ya yi kuka.

Dung ya matsa gefe ya nuna masa fangalin da ke gabansu, kore shar, babu wurin sa yatsa.

"Fili ya tafi. Amma in kana son ka iya, tsuguna."

Bala ya naɗe ƙafar wando ya tsuguna. Ya kama tsiro ɗaya, lafiyayye, babu abin da ya yi wa kowa. Ya daɗe riƙe da shi, Dung na tsaye yana jira. Sannan ya ce bismillahi, ya cire.