Ledar Ƙanƙarar Milunka

Tun daga bakin ƙofa tsohuwa Milunka ta san ma'aikacin inshorar nan, Vukashin, ba alheri ne ya kawo shi ba. Ko taɓa gahawar da ta ajiye masa bai yi ba, sai ƙare wa rufin kallo yake yana taɓe baki.

"Inna, ai rufin nan lafiyarsa ƙalau."

"To da fa? Ranar da ƙanƙarar ta sauka maƙwabta suka hau suka gyara. So kake in yi ta kwana cikin ruwa sai ran da ka ga damar zuwa?"

Gaskiya ta faɗa. Radomir na tsallaken rafi ne ma ya kwance tayal ɗin rufi daga ɗakin awakinsa ya ara mata, a kan za ta mayar kafin hunturu. In kamfani bai biya ba, sanyi zai same ta kanta a buɗe.

Vukashin ya nuna mata taswirar hadarin a wayarsa. "Kin ga jan layin nan? Gidanki daidai gefensa yake. Ta yiwu ta taɓa ki, ta yiwu a'a. Ina fasassun tayal ɗin?"

"An cike ramin hanya da su."

"Kowa haka yake cewa."

Ranta ya ɓaci. Ta buɗe firiza, ta ture tattasai, ta zaro leda ɗaure da jan zaren saƙa. Ƙanƙara ce a ciki, kowace kamar ƙwan agwagwa, da hannunta ta tsince su a tsakar gida.

Bai ko yi mamaki ba. Hotuna uku ya buɗe mata: gida uku a tsallaken rafi, leda ɗaya, jan zare ɗaya. Na farkon teburin Radomir ne. Duk ukun kamfani ya riga ya biya su.

Nan take ta gane. Makon jiya matar Radomir ta zo da zaƙin bakinta: "Ara mini in nuna wa jikoki, maƙwabciya." Jikoki, wai! Ashe shi ya sa ta riƙa jin ƙarar guduma a kan rufinsu da sassafe, a gefen da ko ganye ƙanƙarar ba ta kaɗe ba. Da hannunsu suka fasa tayal ɗinsu.

"Ledar wa ce, Inna?" in ji Vukashin. "In taki ce, sa hannu cewa ke kika ara musu. Ke a biya ki, su kuma su yi bayani a kotu. In ba haka ba, ke ce ta huɗu a layin aro, kuma ko sisi ba za ki samu ba."

Milunka ta ɗaga kai ta dubi rufin. Mutanen nan uku su suka hau shi cikin ruwa, Radomir da ciwon gwiwarsa. Munafukai ne, ba shakka, amma nata ne.

"Ni ma aro na yi," ta ce.

Ya rufe takardarsa ya tafi.

Da la'asar sai ga Radomir da amalanke, yana washe baki, sabon tayal na ƙyalli a kan gidansa can baya.

"Maƙwabciya, awaki sun fara jin sanyi. Yaushe zan kwashe kayana?"

Ta miƙa masa ledar, ruwa na ɗiga daga ƙasanta.

"Ƙanƙarata ta rufe maka gida, Radomir. Tayal ɗinka ya rufe mini nawa, ba bashi tsakaninmu. Ungo wannan, ka kai wa jikoki."