Tana Bakwai a Gindin Agade

Shekara talatin mai lambu yana noman ayaba da agade, bai taɓa jin ana samun digiri da tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, ba sai da Auta, ƙaramar 'yarsa, ta dawo daga jami'a da turaku da igiya da kwalabe. Aikinta na shekarar ƙarshe ke nan: ta gano tana iri nawa ce a gindin ayaba, iri nawa a gindin agade. In aikin bai yi ba, sai ta maimaita shekara.

Ta kafa turaku ta kewaye wuri huɗu, kowanne bai kai faɗin tabarma ba. Ranar farko ta tona ɗaya a gindin agade, ta yi ta tsince ƙasar da hannu har yamma.

"Bakwai kacal, Baba, kuma duk iri ɗaya," ta ce tana wanke hannu. "Jibi malamarmu za ta zo mu tona sauran."

Ita abin da ta gani ta faɗa, shi kuwa zagi ya ji. Lambun da ya raini 'ya'ya biyar, a rubuta shi a littafi da tana bakwai? Wace malama ce ma za ta ba yarinya maki a kan kwalba wayam? Abin ya tsaya masa a rai.

Washegari Auta ta shiga gari sayen ruwan maganin da ake adana tana a ciki, shi kuma ya ɗauki fartanya da bokiti. Ya tono tana a bakin rafi, ya tono a juji inda ake zuba kashin awaki, ya ɗaga ruɓaɓɓen kututturen ayaba ya kwaso. Ya raba su a wurare ukun da suka rage, ya yayyafa ruwa, ya mayar da busasshen ganye kamar ba a taɓa ba. Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Malama ta iso da takalmin roba da malafa, aka fara tono. Cebur ɗaya sai ga tana na wutsil-wutsil, ja da baƙa da fara. Mai lambu na gefe, hannu a baya, sai gyaran murya yake yi.

Malama ta ɗago wata doguwa mai kaurin yatsa. Ta dube ta, ta dubi busasshiyar ƙasar wurin.

"Wannan ba ta zama sai inda ruwa ke kwanciya. Me ya kawo ta nan?"

Auta ta juyo a hankali. Ta san ubanta, in ya yi abin kirki fuskarsa ba ta iya ɓoyewa.

"Baba, me ka yi?"

"Ɗan taimako ne. Na ga sun yi kaɗan."

Ta zauna daɓas a ƙasa. "Baba, ai kaɗan ɗin ita ce amsar. Yanzu komai ya gauraye." Idonta ya ciko da ƙwalla. Sai a lokacin ya gane ɓarnar da ya yi, kunya ta rufe shi.

Da ya rasa abin yi, sai ya durƙusa ya fara ware su.

"Wannan ta bakin rafi ce, tarwaɗa ke sonta. 'Yar jar nan mai zane-zane ta juji ce, in an taɓa ta wari take yi. Mai tsallen nan a kututture na ɗebo ta. Farar nan kuwa ba ni na kawo ta ba, 'yar gida ce, sai an tona kamu guda ake samunta."

Malama ta zaro biro. "Iri nawa kuka sani, Baba?"

"A lambun nan? Shida. Bakwai in damina ta yi nisa."

Malama ta yi dariya, ta dubi Auta. "Wuraren nan sun tashi a banza, sai an kafa sababbi. Na ƙara miki mako biyu. Amma ki bi shi, duk abin da ya faɗa ki rubuta."

Da Malama ta tafi, Auta ta share ido ta tsaya tana kallonsa.

"Shekara huɗu ina karanta wannan a littafi, ashe kana nan da shi. Me ya hana ka faɗa min?"

Ya kakkaɓe ƙasa daga gwiwarsa, bai ɗago ba.

"Ban san ilimi ba ne, Auta. Na ɗauka tono ne kawai."